Maiƙo a Jini, Ambato a Takarda: Yadda Ake Auna Aikin Masanin Kimiyya

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa ratsa kasuwar Ringim ya san wurin da matan Fulani kan jera ƙoren nono da curin man shanu, ya kuma san masu man gyaɗa da ƙuliƙuli da masu man ja. Waɗannan kayan maiƙo su ne gyaran miya, su ne kuma ƙarfin manomi da makiyayi. Sai dai a yau ba abin mamaki ba ne a ga magidanci ya dawo daga asibiti a Dutse ko Kano riƙe da takardar gwajin jini, likita ya ja layi a ƙarƙashin wasu haruffa uku, wato LDL, ya kuma ce masa ya rage cin maiƙo. Nan take tambayoyi kan taso a zuciyarsa. Wane maiƙon? Yaya aka yi aka san adadin da ke cikin jininsa? Kuma ina dalilin da makiyayin da ya tashi da nono da man shanu bai san wannan takarda ba?

Amsoshin waɗannan tambayoyi suna cikin ayyukan wasu masana kimiyyar sinadaran jiki. Wani aikin ya yi suna har an ambace shi sau dubun dubata a rubuce-rubucen masana, wani kuma, wanda aka yi shi a arewacin Nijeriya, bai samu ko kusa da haka ba. Wannan maƙala za ta duba yadda ake ƙidayar irin wannan ambato, da abin da ƙidayar ke nunawa, da kuma abin da take rufewa, tare da ɗaukar ayyukan Farfesa Robert Glew a matsayin misali.

Yadda Maiƙo Ke Tafiya a Cikin Jini

Sanin kowa ne cewa mai da ruwa ba sa haɗuwa. In an zuba man gyaɗa a ƙwaryar ruwa, sai ya taso ya yi zamansa a sama. To, shi kuwa jini galibinsa ruwa ne, kuma dole maiƙon da aka ci ya bi ta cikinsa kafin ya isa tsoka da ƙwaƙwalwa da sauran sassan jiki. Dabarar da jiki ke yi ita ce ya naɗe maiƙon cikin wasu 'yan ƙananan ƙunshi waɗanda bayansu ke jituwa da ruwa, cikinsu kuwa maiƙo ne zalla. Su ake kira lipofurotin, domin haɗin maiƙo ne da sinadarin furotin. Ana iya kwatanta su da kwale-kwalen fito a Kogin Haɗeja, wanda ke ƙetarar da kayan da ba a so su jiƙe.

Manyan kayan da waɗannan kwale-kwale ke ɗauka iri biyu ne. Na farko shi ne tiragilisarid, wato ainihin kitse da mai, wanda jiki ke ƙonawa ya samu ƙarfi ko ya ajiye don gaba. Na biyu shi ne kolesterol, wanda jiki ke buƙata wajen gina bangon ƙwayoyin halittarsa da sarrafa ruwan matsarmama da wasu sinadaran haihuwa. Mafi yawan kolesterol jiki ne da kansa ke ƙera shi, musamman a hanta, sauran kuma daga abincin da ya fito daga dabba yake zuwa.

Kwale-kwalen su ma iri-iri ne. Wanda ake kira VLDL hanta ce ke sako shi cike da tiragilisarid. Bayan ya sauke kayansa a hanya sai ya tsuke ya zama LDL, wanda ke kai kolesterol ga sassan jiki. Shi kuwa HDL yana kwaso rarar kolesterol ne ya mayar wa hanta. Idan LDL ya yi yawa a jini shekara da shekaru, yakan kutsa bangon jijiya ya taru, hanyar jini ta ƙuntata, har a kai ga bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. John Gofman na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley shi ne ya nuna wannan alaƙa a 1950, bayan ya rarrabe lipofurotin da wata na'ura mai juyi da tsananin gudu. Daga baya, a 1973 da 1974, Michael Brown da Joseph Goldstein a birnin Dallas suka gano maƙalin da ƙwayoyin jiki ke cafke LDL da shi su janye shi daga jini, aikin da ya ja musu lambar yabo ta Nobel a 1985.

Abin da ke haɗa wannan bayani da kasuwa shi ne nau'in maiƙon da ake ci. Maiƙo mai daskarewa, irin wanda kan yi tauri da sanyin hunturu, yana ɗaga LDL. Kusan kashi biyu cikin uku na maiƙon man shanu mai daskarewa ne, na man ja kuma kusan rabi. A man gyaɗa bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin biyar ba, a man riɗi ma bai kai haka ba.

Mene Ne Ambato?

Masanin kimiyya ba ya gama bincike sai ya rubuta shi a mujallar masana, bayan 'yan'uwansa sun tantance. A ƙarshen kowace maƙala yakan jera ayyukan magabata da ya dogara da su. Duk aikin da sunansa ya shiga wannan jeri, an ce ya samu ambato ɗaya. Almajirin da ya karanci ilmin hadisi ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin ya san isnadi: magana ba ta tsayuwa sai an faɗi daga wa aka ji ta.

Wani Ba'amurke mai suna Eugene Garfield shi ne ya kawo shawarar a riƙa tattara waɗannan ambato wuri guda. Ya bayyana shawarar a mujallar Science a 1955, inda ya yi koyi da kundin da lauyoyin Amurka ke bin sawun hukunce-hukuncen kotu da shi. A 1964 ya fara fitar da kundin Science Citation Index. Manufarsa ta farko ita ce sauƙaƙa wa mai bincike gano waɗanda suka ɗora a kan wani aiki. Amma da yake duk abin da ake iya ƙirgawa yakan zama ma'auni, ba a daɗe ba hukumomin jami'o'i suka fara auna malamansu da shi. A 2004 aka samu Scopus da Google Scholar, ƙidayar ta zama abin da kowa ke iya dubawa a kwamfuta.

A 2005 kuma wani masanin fiziya, Jorge Hirsch, ya fito da abin da ake kira ma'aunin h, wanda ke haɗa yawan maƙalu da yawan ambato a lamba guda. Alal misali, malamin da ke da maƙalu 30, amma 8 ne kawai daga cikinsu aka ambata aƙalla sau 8 kowace, to ma'auninsa 8 ne. Ba zai hau 9 ba sai ya samu maƙalu 9 da kowace ta kai ambato 9.

Ayyukan da Suka Fi Samun Ambato

A 2014 mujallar Nature ta fitar da jerin maƙalu 100 da aka fi ambata a tarihin kimiyya. Abin da ya fito ya ba mutane da yawa mamaki. Wadda ta zo ta ɗaya ita ce maƙalar Oliver Lowry da abokan aikinsa ta 1951, wadda ta bayyana hanyar auna furotin, da ambato sama da 300,000. Ta tara kuwa ta fannin maiƙo ce: maƙalar Jordi Folch da abokan aikinsa ta 1957, da ambato sama da 45,000. Abin da ke cikinta shi ne yadda ake tatso maiƙo daga tsoka ko ƙwaƙwalwa ta hanyar jiƙa ta a haɗin kulorofom kashi biyu da metanol kashi ɗaya. Amma maƙalar Watson da Crick ta 1953, wadda ta bayyana sigar DNA ta kuma sauya ilmin halittu baki ɗaya, ba ta ma shiga jerin ba.

Dalili a fili yake. Hanyar aiki kamar fartanya take, kullum aka fita gona sai an ɗauke ta, kuma ƙa'ida ce mai bincike ya faɗi hanyar da ya bi. Ɗalibin da ya tatsi maiƙon riɗi ko na 'ya'yan kuka da hanyar Folch dole ya ambace shi. Shi kuwa babban binciken da ya zama sanin kowa, yakan shige littattafan makaranta, a daina tuna mai shi. Ba wanda ke kawo isnadi in zai ce rana daga gabas take fitowa.

Haka abin yake game da lambar nan ta LDL da ke kan takardar magidancin Ringim. A ɗakunan gwaji da dama ba a auna LDL kai tsaye, lissafa shi ake yi. A 1972 William Friedewald da Robert Levy da Donald Fredrickson, na cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka da ke Bethesda, suka buga wani gajeren lissafi a mujallar Clinical Chemistry. A auna jimillar kolesterol, a cire HDL, sannan a cire kashi ɗaya cikin biyar na tiragilisarid, wanda ke tsayawa a madadin kolesterol ɗin da ke cikin VLDL. Abin da ya rage shi ne LDL. Idan jimillar ta kai miligiram 200 a kowace desilita ta jini, HDL 45, tiragilisarid 150, to sai a cire 45 da 30 daga 200, a samu 125. Wannan dabara ta raba ƙananan asibitoci da buƙatar na'ura mai tsada, shi ya sa aka ambaci maƙalar sau dubun dubata.

Sai dai akwai abin lura. An gina lissafin ne a kan jinin mutum 448 da aka gwada a Amurka, kuma masu shi da kansu sun yi gargaɗin cewa ba ya aiki idan tiragilisarid ya haura 400. Daga baya an gano yakan yi kuskure idan LDL ya yi ƙasa sosai, abin da ya sa aka fito da gyararrun lissafi a 2013 da 2020. Ashe yawan ambato shaida ce ta cewa ana amfani da aiki, amma bai isa shaidar cewa aikin ya dace da kowane jini a kowace ƙasa ba.

Robert Glew da Fulanin Filato

Robert Glew masanin sinadaran jiki ne da ya yi suna tun a shekarun 1970 a Jami'ar Pittsburgh, inda ya yi bincike a kan cutar Gaucher, wata cutar gado da ke sa wani nau'in maiƙo ya taru a saifa da hanta saboda rashin sinadarin da ke narkar da shi. Bayan ya koma Jami'ar New Mexico, sai shi da Dorothy VanderJagt suka karkata ga Afirka ta Yamma, tare da haɗin gwiwar likitocin Nijeriya, musamman na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos. Maƙalun da ke ɗauke da sunansa sun kai ɗaruruwa, kuma kaso mai tsoka daga cikinsu ya shafi abinci da jinin mutanen wannan yanki.

A 1998, alal misali, ayarinsa ya buga sakamakon auna maiƙo da furotin da ma'adinan da ke cikin wasu tsirrai da mutanen Jamhuriyar Nijar ke komawa gare su a lokacin yunwa, cikinsu har da ganyen zogale da kuka da yakuwa da yaɗiya da magarya. A 1999 suka auna nau'o'in maiƙon da ke cikin ruwan maman mata Fulani masu shayarwa.

Aikin da ya fi kusa da tambayar magidancin Ringim ya fito ne a 2001 a mujallar American Journal of Clinical Nutrition. Masu binciken, cikinsu har da likita S. N. Okolo ta Jos, sun ɗebi jinin Fulani makiyaya 121 a tsaunukan Filato, maza 42 da mata 79, sun kuma bi diddigin abin da suka ci na kwana bakwai. Sun tarar kusan rabin ƙarfin da waɗannan mutane ke samu daga abinci daga maiƙo yake fitowa, kuma rabin wannan maiƙo mai daskarewa ne. Bisa ga abin da aka sani daga ƙasashen Turai da Amurka, kamata ya yi a ga LDL ya yi tashin gwauron zabo. Amma sai aka ga akasin haka: matsakaicin jimillar kolesterol da HDL da tiragilisarid duk suna cikin iyakar lafiya, LDL kuwa yana ƙasa da adadin da aka saba gani.

Bayanin da masu binciken suka bayar shi ne yanayin rayuwar makiyayi. Duk da yawan maiƙon, jimillar abincin da yake ci ba ta da yawa, domin matsakaicin na maza bai kai kalori 1,700 a yini ba. Ga doguwar tafiya bayan shanu, ga rashin ƙiba, ga rashin shan taba. Sun kuma gano wani giɓi da ba a zata ba: sinadarin folet, wanda ake samu a ganyaye da wake, bai wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da ake so ba, kuma sinadarin homosistin, wanda ake dangantawa da cutar jijiyoyin jini, ya haura iyaka a jinin mazan.

A 2004 suka ɗora da wani binciken a kan mazauna birni, maza 55 da mata 77, suka kwatanta su da waɗancan makiyaya. Mutanen birnin sun fi cin abinci mai yawa, sun fi ƙiba, kuma kason maiƙo a abincinsu bai kai na makiyayan ba. Duk da haka maiƙon jinin makiyayan ya fi kyau ta kowane fanni, in banda HDL wanda ya fi yawa a jinin mutanen birni.

Wajibi ne a yi hattara da wannan sakamako. Mutum 121 ba su da yawa, an gwada su ne a lokaci guda, kuma jini aka auna, ba a bi rayuwarsu shekaru an ga wanda ya kamu da ciwon zuciya ba. Haka kuma a Filato aka yi aikin, ba a ƙasar Jigawa ba. Saboda haka binciken bai wanke man shanu ga ma'aikacin da ke wuni a kujerar ofis ya koma gida a mota ba. Abin da ya nuna shi ne cewa ba a raba hukuncin abinci da irin aikin da mai cinsa ke yi, kuma haɗarin yana ƙaruwa ne a daidai lokacin da mutum ya bar ruga ko gona ya koma zaman gari.

Abin da Ƙidaya Ke Rufewa

Idan aka ɗora maƙalar 2001 a sikeli ɗaya da ta Friedewald, tazarar da ke tsakaninsu ta fuskar ambato mai nisa ce ƙwarai. Wannan tazara tana da dalilai waɗanda ba su shafi ingancin aiki ba.

Na farko, ambato yana bin yawan masu rubutu ne. Masu binciken cutar zuciya a Amurka da Turai da Sin dubbai ne, kuma kowannensu na buƙatar lissafin LDL. Masu binciken abincin makiyayan Sahel kuwa 'yan ƙalilan ne, ko da kowa a cikinsu ya ambaci aikin, adadin ba zai yi nisa ba.

Na biyu, manyan kundayen ƙidaya ba su ƙunshi mujallun Afirka da dama ba. Malamin da ya buga aikinsa a mujallar jami'arsu, ɗalibai suka karanta, likitocin yankin suka amfana, yana iya zama tamkar bai rubuta kome ba a idon kundin. Kafa dandalin African Journals Online a 1998 ya rage wannan matsala ta fuskar samun maƙalun, amma bai kawar da ita ba.

Na uku, ƙidaya ba ta bambanta ambaton yabo da na suka, kuma ba ta ganin amfanin da ba a rubuta shi a maƙala ba. Likitan da ya sauya shawarar da yake ba majinyaci saboda wani bincike ba ya ƙara wa mai binciken ko ambato ɗaya. Ma'aunin h kuma yana fifita wanda ya daɗe a fagen a kan matashi, tun da ba ya raguwa, sai dai ya ƙaru da shekaru. Irin waɗannan dalilai ne suka sa wasu masana da editocin mujallu suka tsara sanarwar San Francisco a 2012, inda suka nemi a riƙa auna mai bincike da abin da ke cikin aikinsa, a daina dogara da martabar mujallar da ya buga a ciki.

Darasi ga Masu Bincike a Jigawa

Wannan magana ta shafi Jigawa kai tsaye. Jihar da aka ƙirƙiro a 1991 ta samu Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011 da Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa a 2013. Ƙarin girman malaman jami'a a Nijeriya ya rataya ne ƙwarai a kan yawan maƙalu da inda aka buga su, don haka matashin malami yana fuskantar zaɓi. Yana iya bin batun da ke tashe a duniya don ambato ya zo da sauri, ko ya rarraba ƙaramin aiki gida uku don jerin ya yi tsawo, ko ma ya faɗa hannun mujallun 'yan kasuwa masu karɓar kuɗi su buga kome ba tantancewa. Yana kuma iya tsayawa a kan tambayoyin da ke ƙofar gidansa.

Tambayoyin kuwa suna nan jibge. Jigawa na cikin manyan jihohin da ke noman riɗi a ƙasar nan, kuma ya dace a san yadda jinin masu yawan cin sa yake. Ya dace a san abin da ke faruwa da man da masu ƙosai da awara ke maimaita suya da shi. Ya dace a kwatanta jinin makiyayan kwarin Haɗeja da na 'yan'uwansu da suka zauna a Ringim ko Dutse. Ya kuma dace a gwada lissafin Friedewald a kan jinin mutanen nan, a ga iyakar dacewarsa da su. Tarihin Folch da Friedewald ya nuna cewa aikin da ya warware wa mutane wata matsala ta zahiri, aka kuma yi shi da tsantseni, shi ne ke daɗewa ana komawa gare shi.

Kammalawa

Ƙidayar ambato ma'auni ce mai amfani, domin tana nuna aikin da masana ke ɗauka su yi aiki da shi, tana kuma tona asirin wanda ya tara takardun da ba mai karantawa. Amma mudu ba ya faɗin ko hatsin da aka auna na bana ne ko na bara, sai an ɗiba an duba. Ya kamata kwamitin da ke duba takardun malami ya karanta maƙalun da kansu, ya tambayi wace tambaya suka amsa, da wace hanya, kuma wa ya amfana. Shi kuma magidancin da ke riƙe da takardar gwaji, abin da ilmin da ake da shi ke gaya masa shi ne ya bi shawarar likitansa, ya rage maiƙo mai daskarewa, ya yawaita ganye da wake, ya kuma mayar wa jikinsa tafiyar ƙafa da zaman gari ya raba shi da ita.